Zaɓen Zaren Toshe Jijiyar Ƙwaƙwalwar Ɓera: Jagora ga Mai Binciken Shanyewar Ɓarin Jiki a Zariya

Duk ɗalibin digiri na biyu ko na uku da ya ce zai gwada wani magani a kan shanyewar ɓarin jiki, ko ganyen gargajiya ne ko ƙwayar kemis, dole sai ya fara haddasa cutar a jikin dabba kafin ya ce ya warkar da ita. A nan aikin mutane da yawa yake lalacewa, tun kafin a ba da maganin. Za ka ga an shafe wata shida ana tace ganye ana auna sinadaransa, amma zaren da za a zura a jijiyar ɓera da safiyar ranar tiyata aka yanko shi, ba a auna kaurinsa ba, ko sunan kamfaninsa ba a rubuta ba. Idan ɓeraye goma suka sami toshewa iri goma, bambancin zarenka ne zai fito a sakamako, kai kuwa ka ɗauka aikin magani ne.

Na rubuta wannan ne saboda ɗalibai da ma'aikatan ɗakin gwaji na sassan Fiziyoloji, Anatomi, Harhaɗa Magunguna da Likitancin Dabbobi a jami'ar da ke Samaru, da likitocin asibitin koyarwa na Shika masu son shiga binciken dabba. Karatu ba ya maye gurbin tsayawa a gaban wanda hannunsa ya faɗa. Amma wanda ya san abin da zai saya da dalilin sayensa, ya rage wa kansa asara, ya rage wa ɓeraye wahala.

Abin da ake ƙoƙarin kwaikwayo

Kusan kashi 85 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki a ɗan Adam toshewar jijiya ce ke kawo ta, sauran kuma fashewar jijiya. A cikin masu toshewar, jijiyar tsakiyar ƙwaƙwalwa ce aka fi samu da laifi. Shi ya sa hanyar da ta fi yaɗuwa a duniya, wadda ake taƙaitawa da MCAO, ita ce a toshe wannan jijiyar a ɓera ba tare da an fasa ƙoƙon kai ba.

Ka riƙe taswirar a kanka. A kowane gefen wuya akwai uwar jijiya, karotid, mai kai jini sama. Tana rabuwa gida biyu: reshen waje mai shayar da fuska, harshe da tsokokin tauna, da reshen ciki mai shiga ƙoƙon kai. Reshen cikin nan a ɓera yana da wani ɗan reshe da ake kira terigofalatin, wanda yake kauce wa ƙwaƙwalwa, kuma shi ne tarkon sabon shiga. Idan zare ya bi reshen ciki daidai, sai ya shiga ƙoƙon kai, ya wuce bakin jijiyar tsakiya, kansa ya maƙale a farkon jijiyar gaba wadda ta fi ƙunci. Jikin zaren ne yake rufe bakin jijiyar tsakiya. Saboda haka kaurin kan zaren, laushinsa da tsawon abin da aka shafa masa su ne ke yanke hukuncin ko jini ya tsaya cak, ko yana ɗan silalewa ta gefe.

Koizumi da abokan aikinsa a Japan su suka fara bayyana hanyar a 1986, da zaren nailan da aka shafa wa silikon, ana shigar da shi ta uwar jijiya. A 1989 Longa da nasa mutanen a Amurka suka fito da gyara: nailan mai lamba 4-0 da aka dunƙule kansa da zafin wuta, ana shigarwa ta kututturen reshen waje, don idan an zare shi jini ya dawo ta uwar jijiyar da ba a ɗaure ba. Yawancin masu aiki a yau suna haɗa biyun ne, ƙofar Longa da zaren Koizumi.

Izini kafin almakashi

Kada ka sayi ɓera ko ɗaya sai kwamitin kula da dabbobin bincike na Jami'ar Ahmadu Bello, ABUCAUC, ya amince da tsarinka ya ba ka lamba. Mujallu na kirki ba sa karɓar aikin da ba shi da ita. Ƙa'idojin da Russell da Burch suka shimfiɗa a 1959 su ne ma'auni: a maye gurbin dabba idan da hali, a rage yawanta, a sauƙaƙa mata azaba. Mu kuma muna da hadisin da Muslim ya ruwaito cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a wajen yanka aka ce a wasa wuƙa a hutar da dabba. Wannan tiyata babba ce, ɓeran da ya farka daga ita yana cikin ciwo na gaske. Zaɓen zare mai kyau yana cikin kyautatawar, domin mugun zare yana kashe dabbobi a banza, sai an sake sayo wasu.

Ɓera ake fara aunawa, sannan zare

Alƙaluman da za ka gani a takardu, wato zura zare milimita 18 zuwa 20, da kan silikon mai kaurin milimita 0.35 zuwa 0.39, duk an tsara su ne a kan ɓera mai nauyin gram 250 zuwa 300 ko ɗan sama da haka. Fararen ɓerayen Wistar da ake samu a gidajen dabbobi na nan, ko waɗanda ake ɗaukowa daga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, sau da yawa ba su kai wannan nauyin ba a ranar saye. Idan ka zura zaren ɓera mai gram 300 a jijiyar mai gram 170, ko dai ya ƙi wucewa ta ramin ƙashin gindin kai, ko ya yaga jijiya. Ka saye su da wuri, ka ciyar da su su kai nauyi, ka ba su aƙalla mako guda su saba da ɗakin. Ka tsayar da tazara mai ƙunci, misali gram 260 zuwa 290, kada ka fita daga cikinta ko da lokaci ya ƙure maka.

Iri ma yana da tasiri. Wistar da Sprague-Dawley ba sa ba da girman rauni ɗaya da zare ɗaya, ɓeraye masu hawan jini na gado kuwa rauninsu ya fi girma kuma ya fi daidaituwa. Matan ɓeraye masu ƙuruciya rauninsu kan fi na maza ƙanƙanta saboda sinadarin estirojin. Duk wanda ka zaɓa, ka rubuta iri, jinsi, shekaru da inda aka samo su.

Zaruruwan da ke gabanka

Mu fara da lambobi, don suna rikita mutane. A zaren tiyata, yawan sifili yana nufin siranta: 3-0 yana tsakanin milimita 0.20 da 0.249, 4-0 tsakanin 0.15 da 0.199, 5-0 kuma tsakanin 0.10 da 0.149. Ka lura tazara ce, ba lamba ɗaya ba. Zaren 4-0 na kamfani biyu na iya bambanta a kauri da taurin jiki, kuma tun a 1995 wasu masu bincike a Japan suka nuna cewa canza kamfanin nailan kawai yana canza girman raunin da ake samu. Dole zaren ya zama mai sili ɗaya. Wanda aka kitsa, irin siliki, ba ya turuwa a cikin jijiya.

Na farko shi ne nailan mai ƙonannen kai. Ana kusantar da bakinsa ga harshen wuta ko ƙarfe mai zafi har ya narke ya zama ɗan ƙwallo. Ba shi da tsada, kowane kemis na kusa da asibiti yana da shi. Matsalarsa biyu ce. Ƙwallon yana da tauri, jikin zaren da ke bayansa kuma siriri ne, don haka jini kan sami hanya ta gefe, musamman daga jijiyar baya. Sannan idan ka ƙara turawa kaɗan don ka tabbatar, taurin kan ya huda jijiya, jini ya zuba a gindin ƙwaƙwalwa. Wannan ɓeran zai farka da alamun shanyewa, ko ya mutu cikin dare, kai kuma ka lissafa shi cikin masu toshewa alhali wata cutar daban ka haddasa masa. Ƙwallaye biyu ma ba sa fitowa iri ɗaya daga wuta, sai ka ƙona da yawa ka tace a ƙarƙashin madubin ƙara girma.

Na biyu nailan ne da aka jiƙa da foli-el-laisin, dabarar Belayev da abokan aikinta a Miami a 1996. Ana tsoma zaren a ruwan sinadarin mai ƙarfin kashi 0.1 cikin 100, a busar a tanda mai zafin digiri 60 na awa ɗaya. Sinadarin yana sa zaren ya manne wa bangon jijiya, jini ya kasa silalewa. Rauni yana fitowa babba. Sai dai mannewar nan tana da farashi: cire zaren na iya ɗaye fatar cikin jijiya, kan kuma yana nan da taurinsa, kuma wasu dakunan gwaji sun sami mace-mace da yawa da shi. Sinadarin sai an yi oda, kuma yana son firji mai wuta.

Na uku shi ne mai kan silikon, kuma shi nake ba kowa shawara. Duk wanda ya taɓa tsayawa a lambu a bakin kogin Galma ya ga yadda mai ban ruwa yake toshe kwalbatin ruwa: idan ya sa dutse, ruwa na bi ta gefensa, idan ya danna laka sai ta ɗauki siffar wurin ta rufe shi ruf. Haka silikon yake yi a cikin jijiya. Laushinsa yana cike bakin jijiyar tsakiya, kuma ba ya huda bango da sauƙi. Kwatancen da Laing ya yi a 1993, da na Schmid-Elsaesser a Jamus a 1998, da na Spratt a Ostireliya a 2006, duk sun karkata wuri ɗaya: silikon ya fi tsayar da jini yadda ake so, kuma zubar jini a gindin ƙwaƙwalwa ta fi ƙaranci da shi. Akwai kamfanoni irin su Doccol a Amurka da ke sayar da shi a shirye, an rubuta kaurin kai da tsawon shafi da nauyin ɓeran da ya dace. Kuɗinsa da dala ne, ga jiran isowa, amma idan ka lissafa kuɗin ɓeraye da abincinsu da watannin da mugun zare zai cinye, za ka ga ba shi ne mai tsadar ba.

Tsawon shafin abin dubawa ne. Gajere, milimita 2 zuwa 3, yana rufe bakin jijiyar tsakiya ya bar ƙananan rassa. Dogo, milimita 5 zuwa 6, yana haɗawa da rassan da ke shayar da haifotalamas, wurin da ke daidaita zafin jiki. Idan wannan wurin ya rasa jini na dogon lokaci, kamar awa biyu ko fiye, ɓera kan yi zazzaɓi mai tsanani, zazzaɓin kuma ya ƙara girman raunin. Maganin da ke sauke zazzaɓi kawai sai ya fito kamar mai kare ƙwaƙwalwa.

Akwai kuma na dabara: zaren fatsa da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, ko nailan da aka tsoma a jan farce ko narkakken kakin kyandir. An buga takardu da irinsu, ban musa ba. Amma araha ba ta ado. Zaren fatsa yana zuwa a naɗe, yana riƙe lanƙwasarsa, kuma lambar da ke jikin kwalinsa ba ta da tabbacin na tiyata. Jan farce yana bushewa da tauri, kaki kuma yana iya ɓarewa a cikin jijiya ya tafi ya toshe wani wuri, ka cire zare jini bai dawo ba. Idan hali ya tilasta, a auna kowane ɗaya da maikuromita, a miƙar da shi, a faɗi gaskiyar abin da aka yi amfani da shi a cikin kundi.

Idan za ka haɗa mai silikon da kanka

Ana iyawa, kuma da haƙuri yana fitowa da kyau. Ka nemi nailan 4-0 na kamfani ɗaya, kwali ɗaya. Ka yanka shi santimita 3 kowanne. Don ya miƙe, ka rataye shi da ɗan nauyi a ƙasa na kwana ɗaya ko biyu. Silikon ɗin da aka fi amfani da shi shi ne mai ruwa-ruwa na likitocin haƙori, wanda suke ɗaukar siffar haƙora da shi, irin su Xantopren, ana gauraya shi da sinadarin da ke daskarar da shi. Tsoma zare a ciro da hannu yana ba da kai mai siffar ɗigon ruwa, kowanne da kaurinsa. Abin da ya fi shi ne a yi amfani da siririn bututun roba a matsayin ma'auni: bututun PE-20 faɗin cikinsa milimita 0.38 ne. A cika ɗan guntunsa da silikon ta sirinji, a zura bakin nailan a tsakiya, a bari ya daskare, sannan a tsaga bututun da reza a ƙarƙashin madubi. Kafin a zura, a ɗan kankare bakin nailan ko a narka shi kaɗan don silikon ya sami abin kamawa.

Daga nan sai tacewa, kuma kada ka ji tausayin zare. Ka ja kan da hantsaki a hankali, wanda ya motsa a yar. Wanda nailan ya leƙo ta gefe ko ta gaba a yar. Ka auna sauran ɗaya bayan ɗaya, ka ware su a kwalabe bisa kauri. Ka sa alama da alƙalamin da ba ya gogewa a milimita 18 da 20 daga kai. A lokacin hunturu ƙura na manne wa silikon kafin ya bushe, don haka a rufe shi. Batun tsarkake shi daga ƙwayoyin cuta, ka tuntuɓi likitan dabbobin da ke kula da aikinka, domin sifirit na asibiti mai kashi 70 yana rage ƙwayoyi ne, ba ya kashe su duka.

Sauran kayan tebur

Don ɗaure jijiya siliki ya fi, mai lamba 4-0 zuwa 6-0, saboda ƙullinsa ba ya zamewa. Nailan yana kwancewa, a bar shi ga ɗinkin fata. Don tsayar da jini na ɗan lokaci a nemi ƙananan kilif na tiyatar jijiya. Manyan kilif suna murƙushe bango su haddasa gudan jini, gara ka yi sassauƙan zarge da siliki. Sai hantsaki biyu masu lanƙwasasshen siririn baki, ƙaramin almakashi mai sifirin, da madubin tiyata ko aƙalla tabarau mai ƙara girma da fitila mai batir. Wuta na iya ɗaukewa kana tsakiyar jijiya, kuma ɓera ba zai jira a tada janareta ba.

Maganin sa barci shi ma kaya ne, kuma yana taɓa sakamako. Aisofuluren ta na'urar shaƙa ya fi sauƙin sarrafawa, kashi 4 zuwa 5 a fara, 1.5 zuwa 2 a riƙe. Inda babu na'urar, ketamin da zailazin ake haɗawa a yi allura a ciki. Ka san halinsu: ketamin da kansa yana ɗan kare ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, zailazin kuma yana ɗaga sukarin jini, sukari mai yawa yana ƙara rauni. Don haka kowane rukuni ya sami magani ɗaya, gwargwado ɗaya, kuma a auna sukari da gulukomita. Kuloral haidiret da za ka gani a tsofaffin takardu, ka bar shi. Ba ya kashe zafi yadda ya kamata, yana ƙona cikin dabba, mujallu da yawa sun daina karɓarsa.

Zafin jiki kuwa shi ne ɓarawon da ya fi yi wa binciken Zariya sata. Ɓeran da aka sa barci yana hucewa da sauri, sanyi kuma yana kare ƙwaƙwalwa sosai. Wanda aka yi wa tiyata da sanyin safiyar Janairu da wanda aka yi wa da tsakar ranar Afrilu ba za su ba da rauni ɗaya ba, ko da zare ɗaya ne. A sa ma'aunin zafi ta dubura, a riƙe digiri 37, kada ya kauce fiye da rabin digiri, da shimfiɗa mai ɗumi ko gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da tawul. A ci gaba da aunawa awanni bayan ya farka.

Tiyatar, mataki bayan mataki

Ka auna ɓera, ka zaɓi zaren da ya dace da nauyinsa tun kafin ya yi barci. Bayan ya yi barci ka matse yatsan ƙafarsa, idan ya janye to bai isa ba. A ba da maganin kashe zafi tun yanzu, kamar bufurenofin, a sa man ido, a aske wuya a wanke. A kwantar da shi rigingine, a tsaga tsakiyar wuya kamar santimita 2.

Ka raba tsokoki da bayan hantsaki, ba da yanka ba, har ka ga uwar jijiya tana bugawa. Manne da ita akwai wata farar jijiyar saƙo, bagus. Ka raba su a hankali ƙwarai, domin matse ta yana rikita numfashi da bugun zuciya. Ka bi sama zuwa mararraba. A reshen waje akwai ƙananan rassa biyu, na ƙeya da na maƙogwaro, a ɗaure ko a ƙona su. A ɗaure reshen waje can nesa, a sa wani sassauƙan zarge kusa da mararraba. A sa kilif a uwar jijiya da reshen ciki. A yanke reshen waje, a juyo kututturensa ƙasa ya miƙe da reshen ciki, a ɗan tsaga shi, a zura zare, a ƙara matse zargen don kada jini ya fito, sannan a cire kilif na reshen ciki.

Yanzu ka tura a hankali, kana karkatar da zaren sama da ciki. Idan ya tsaya tun wajen milimita 10, kusan tabbas ya shiga terigofalatin ne. Ka ja baya, ka gyara kwana, kada ka yi ƙarfi. Idan yana kan hanya, wajen alamar 18 zuwa 20 daga mararraba za ka ji wata 'yar turjiya mai laushi, zaren ya ɗan lanƙwasa a hannunka. Nan ne wurin. Milimita ɗaya bayan nan ita ce ke huda jijiya. Ka ɗaure, ka danna agogo. Inda akwai na'urar Dofla mai auna gudun jini da hasken leza, ana neman jini ya faɗi da kashi 70 cikin 100 ko fiye. Inda babu, alamun dabba da rinin ƙwaƙwalwa ne shaidarka, don haka kada ka yi wasa da su.

Minti 60, 90 ko 120 aka fi zaɓa. Ga mai farawa 90 ya fi, rauni yana fitowa a fili kuma yawancin dabbobi suna rayuwa. Idan lokaci ya cika, a janye zaren sannu, a ɗaure kututture, a saki uwar jijiya a ga tana bugawa, a ɗinke. A yi masa allurar ruwan gishiri mai ɗumi a ƙarƙashin fata, a ajiye shi shi kaɗai a wuri mai ɗumi, a jiƙa abincinsa a sa a ƙasan keji, tunda tsokokin taunarsa sun rasa jinin reshen waje. A auna nauyinsa kullum. Wanda ya zubar da kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, ko ya kasa tashi ya sha ruwa, a hutar da shi ta hanyar da kwamiti ya amince.

Yadda za ka kwatanta zare biyu a ɗakinka

Abin da aka samu a Miami ko Jamus ba lallai ya zama haka a ɓerayenka da hannunka ba. Kafin babban aiki ka yi ƙaramin gwaji, kuma ka sa shi cikin takardar neman izini. Ka fara koyon hanya a gawar ɓerayen da aka gama wani aiki da su: ka zura zare, ka buɗe ƙoƙon kai, ka ga inda kansa ya tsaya da idonka. Sannan ka ɗauki zare iri biyu, ka raba dabbobi ta hanyar ƙuri'a, mutum ɗaya ya yi duk tiyatar, kuma a cakuɗa ranaku. Idan ka yi mai ƙonannen kai a makon farko, mai silikon a mako na uku, ƙwarewar hannunka ce za ta ci gasar. A haɗa da rukunin da aka buɗe wa wuya aka taɓa jijiya amma ba a toshe ba.

Bayan awa 24, wani wanda bai san rukunin kowane ɓera ba ya duba alamu. Ma'aunin Bederson na 1986 mai sauƙi ne. Ka ɗaga ɓera ta wutsiya: lafiyayye yana miƙa hannayensa biyu zuwa ƙasa, mai rauni yana naɗe hannun da ke kishiyar gefen da aka toshe. Idan dama ka toshe, hagu ce za ta mutu, kuma idan abin ya yi tsanani za ka ga yana ta kewayawa ta hagu a kan tebur.

Lokacin ciro ƙwaƙwalwa, kafin ka yanka komai, ka juya ta ka dubi gindinta. Idan ka ga daskararren jini a kewayen zoben jijiyoyi, zare ya huda. Ka fitar da wannan dabbar daga lissafin rauni, amma ka rubuta ta a lissafin laifin zaren. Sai a ɗan sanyaya ƙwaƙwalwar ta yi tauri, a yanka ta faifai-faifai milimita 2, a jiƙa a ruwan rinin TTC mai kashi 2 cikin 100 a digiri 37 na minti 15 zuwa 30, a rufe da takardar alminiyam don haske yana lalata shi. Naman da ke da rai zai rine ja wur, mataccen ya tsaya fari fat. A ɗauki hoto da rula a gefe, a auna da manhajar ImageJ, kyauta ce. Gefen da ya yi rauni yana kumbura, don haka a bi gyaran Swanson na 1990: faɗin lafiyayyen ɓari, a debe jan da ya rage a ɓarin da ya yi rauni.

Abu huɗu za ka ɗora a sikeli: nawa suka sami rauni, nawa suka zubar da jini, nawa suka mutu, da yadda girman raunin ya warwatsu. Na ƙarshen nan shi mutane ke mantawa, suna bin zaren da ya ba da rauni mafi girma. Rauni mai cinye kusan rabin ƙwaƙwalwa ba ya barin abin da magani zai ceto. Wanda kake nema shi ne matsakaicin rauni mai maimaita kansa. Yawan dabbobin da babban aikinka zai buƙata yana tafiya ne da SD, wato ma'aunin wannan warwatsuwar, a ninka ta da kanta, don haka zaren da ya rage SD da rabi ya rage maka ɓeraye zuwa kashi ɗaya cikin huɗu.

Idan tambayarka ba ta zare ba ce

Zare ba ya amsa kowace tambaya. Mai gwada maganin narkar da gudan jini, irin tPA da Amurka ta amince da shi a 1996, gudan jini na gaske zai zura, don magani ba ya narkar da nailan. Hanyar Tamura ta 1981 ana fasa ƙashi a ƙona jijiyar kai tsaye, raunin yana daidaituwa amma jini ba ya dawowa. Ta Watson ta 1985 ana yin allurar rinin Rose Bengal a haska koren haske ta ƙoƙon kai, tana ba da ƙaramin rauni a inda aka so. Sinadarin endotelin-1 kuma matse jijiya yake yi na ɗan lokaci, sai da na'urar saita allura a ƙwaƙwalwa.

Wadda nake so in ja kunne a kanta ita ce matse uwayen jijiyoyin wuya biyu na wasu mintuna a kira shi shanyewar ɓarin jiki. Tana da sauƙi, shi ya sa ta yi yawa a kundayenmu. Amma ɓera yana da cikakken zoben jijiyoyi a gindin ƙwaƙwalwa, jini yana zagayowa ta baya. Abin da ake samu ragin jini ne a ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, ba mutuwar yanki ɗaya ba. Hanya ce mai amfani ga wasu tambayoyi, a dai kira ta da sunanta.

Wani nazari na O'Collins a 2006 ya ƙirga magunguna 1,026 da aka gwada don wannan cuta a dakunan bincike, kusan dukkansu ba su kai ga amfanar majinyaci ba, kuma raunin tsarin gwajin dabba yana cikin dalilan da masana suka kawo. Daga irin wannan damuwa aka sami shawarwarin STAIR na 1999 kan gwada magungunan wannan cuta a dabba da ƙa'idojin ARRIVE na 2010 kan rubuta rahoton binciken dabba, waɗanda aka sabunta a 2020. Ka sauke ARRIVE ka ajiye kusa da kai lokacin rubuta babin hanyoyin bincike. A can ka faɗi kamfanin zare da lambarsa, kaurin kai, abin da aka shafa da tsawonsa, zurfin da aka zura, mintunan toshewa, maganin barci da na kashe zafi, zafin jiki, da adadin dabbobin da suka mutu ko aka fitar a kowane rukuni tare da dalili.